Aku Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin in aka gane ni ce na rubuto, na jawo wa kaina abin da ya fi wanda nake ciki. Na rasa wanda zan gaya wa. Duk wanda na buɗe baki a gabansa a gidan nan, kafin in kai aya ya riga ya fara murmushi.

Mijina mai facin taya ne. Shagon ba nasa ba ne, na wansa ne, wanda dukkanmu muke ce wa Yaya. Yaya ne ya koya masa aiki, shi ne kuma ya ba mu ɗakin da muke ciki a bayan shagon, kusa da sashen iyalinsa da na surukata. Tsakanin tagarmu da katanga akwai wani lungu, nan Yaya yake jibge tsofaffin tayoyi, masu sauran amfani da waɗanda suka mutu murus, an ɗora su har sun fi ni tsawo. Da rani ba ruwana da su. Amma tun da damina ta sauka, kowace taya ta zama randa. Na leƙa na ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, aka ce mini su ne ke zama sauro. Na gwada zubar da ruwan, amma Anti in kin taɓa gwadawa kin san halin taya: ki juya ta nan, ruwan ya zagaya can. Na jiƙa zanena a banza, matar Yaya tana tsaye tana kallona.

'Yarmu ɗaya ce, shekararta uku. Aku muke ce mata, saboda tun da ta iya magana bakinta bai huta ba. Kaji ma sai ta tsayar da su ta ba su labari. Sauro kuwa kamar don ita kaɗai aka halicce shi. Ɗaki ɗaya muke kwana, ni da babanta mu tashi garau, ita ta tashi jikinta duk rudu-rudu. Da rana ma ba ya ƙyale ta. Kuma nata cizon ba irin na mutane ba ne, kumbura yake yi ya yi tauri, ta yi ta susa har jini. Surukata ta ce jininta ne mai zaƙi, haka babanta ya yi yana yaro, ga shi nan ya zama ƙato.

Ni kuma abin da ya hana ni sakewa daban ne. Bara yayata ta rasa ɗanta, sa'an Aku. Zazzaɓi ne ya kama shi, aka yi ta cewa haƙori ne, a bari zai wuce. Ina zaune a wurin ya fara jijjiga, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga ranar, duk tabon sauro da na gani a jikin Aku, fuskar yaron nan nake gani. Tsoro nake ji, Anti, tsoron da ban san inda zan ajiye shi ba.

Shi ya sa na yi ta zaryar asibiti. Ran da ta tashi fatar idonta ta kumbura har idon ya rufe, na goya ta na ruga, aka ce cizo ne kawai, zai saɓe. Ya kuwa saɓe. Ran da kunnenta ya yi suntum na koma, aka maimaita mini. Zuwan ƙarshe shi ne ya ɓata komai. Na tayar wa mijina da hankali har ya bar direbobi a tsaye a bakin shago ya raka mu. Ma'aikaciyar jinyar ta duba hannun Aku ta yi dariya, wai in kowane cizon sauro za a kawo musu, sai dai a gina wa sauro asibitinsa. A gaban mutane ta faɗa. Da muka dawo Yaya ya wanke mijina tas a gaban direbobin. Tun daga nan aka sa mini suna Likita a gidan, har yaran Yaya haka suke gaishe ni. Mijina kuma ya ce ya kashe maganar, kada in ƙara fita asibiti a kan cizon sauro.

Sai na koma tsare ta. Na hana ta fita tsakar gida. Tagar nan a rufe take safe da yamma, ina kunna maganin sauro na hayaƙi, ɗakin ya yi zafi kamar tanda, mu biyu a ciki. Gidan sauronmu ya huje, na ɗaɗɗaure shi da zare, kuma Aku birgima take yi ta manne da shi, a cije ta ta waje. Yanzu har tari take yi. Tana jin yaran Yaya suna wasa, ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, ni ma in juya baya in yi nawa. Na mayar da 'yata fursuna, kuma duk da haka cizon bai tsaya ba.

Akwai wani cizo a ƙwaurinta da ta sosa ya zama gyambo. Babanta ya ɗiga mata man birki, wai da shi suke maganin duk wani rauni a shago, nan da nan yake bushewa. Bai bushe ba. Wurin ya yi ja yana sheƙi, jan kuma kamar hawa yake yi sama, in na taɓa zafi rau, ba ta son taka ƙafar. Tun shekaranjiya jikinta ma da ɗumi, amma ina ba ta ragowar maganin zazzaɓi na kwalba, ya sauka, can ya dawo. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za a ce: Likita ta fara. Abinci kuwa sai ta kau da kai, ruwa ma sai na matsa. Barci take ta yi, har na samu na rubuta miki wannan dogon saƙo babu wanda ya katse ni.

To Anti, ya zan yi da tayoyin nan? Ba ni da bakin yi wa Yaya magana, shi ya rufa mana asiri. Mijina ba zai iya ba, a gabansa ko tari ba ya yi. In na tafi gidanmu da Aku har damina ta wuce, za a ce na yi yaji a kan sauro. In na zauna, ina kallon 'yata ana cinye ta. Gaba kura, baya siyaki. Ko dai ni ce na zare kamar yadda suke faɗa? Ki gaya mini gaskiya, zan ɗauka.

Taki,
Uwar Aku

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki zare ba, amma kin bar jaki kina dukan taiki. Kin tambaye ni a kan taya, ni kuma abin da ya tayar mini da hankali yana can ƙarshen saƙonki, inda kika faɗe shi kamar ba komai ba. Yarinyar da ke ba kaji labari ta bar ki kin rubuta duk wannan ba ta ce uffan ba. Shi ya sa ban jira ranar fitowar shafin nan ba, na tura miki amsar ta waya tun sa'ar da na karanta. Ina buga ta ne saboda sauran iyaye.

Ki kai Aku asibiti yau. Zazzaɓin da ya kwana biyu, ga ƙin abinci, ga yawan barci, ga ƙafa mai ja da zafi da jan ke hawa, wannan ya wuce cizon sauro. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ta shiga gyambon, mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne, mai yiwuwa duka biyun. Ni daga nan ba zan sani ba, ke ma daga ɗakinki ba za ki sani ba, sai an duba ta an gwada jininta. Maganin kwalbar nan ɓoye zafin yake yi, ba ya kashe abin da ya kawo shi. Ki tafi da kwalbar, ki faɗi yaushe kika fara ba ta, ki faɗi maganar man birki ba tare da kunya ba.

Maganar mijinki kuwa, a kan cizon sauro ya hana ki, ba a kan wannan ba, domin wannan bai san da shi ba. Ke kika ɓoye masa. Kada ki yi masa dogon bayani. Ki kira shi ɗaki, ki buɗe tagar nan haske ya shigo, ki ɗora hannunsa a goshin 'yarsa, ki nuna masa ƙafar. Gani ya kori ji. In ya tsaya wasiwasi, ki tuna masa da aikinsa: in direba ya ce tayarsa na rage iska, ba ya tsayawa daga nesa ya ce lafiyarta lau, tsoma ta yake yi a ruwa ya ga ko za ta yi kumfa. Gwajin jini ke nan. In ba ya nan, ki kira shi ki gaya masa kina hanya, ki ja surukarki ta raka ki. Jikarta ce, kuma in ta ga ƙafar ba za ta ƙara maganar jini mai zaƙi ba.

Kada ki riƙe shi a zuci. Mutumin da aka yi wa dariya a asibiti aka kuma tsinka shi a gaban direbobi, kunya ce ta yi magana da bakinsa. Man birkin ma ba mugunta ba ce, abin da ya sani ke nan, sai dai a daina, don ba a yi shi domin jikin mutum ba. Ita ma ma'aikaciyar jinyar ta faɗi gaskiya a kan kumburin, amma ba ta kyauta ba da ta yi dariya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kamata ya yi ta koya miki bambance tsumma da maciji, to bari ni in koya miki.

Cizon da ya kumbura, ko da ya rufe ido, in yaro na wasa, yana ci, jikinsa babu zafi, na gida ne. Ƙananan yara da yawa haka jikinsu yake, kuma yana raguwa da girma. Ki wanke da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki yanke mata farce, zai saɓe cikin 'yan kwanaki. Wanda ake kaiwa asibiti a ranar shi ne in akwai zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa, ko wurin ya yi zafi da ciwo, ko ya fara ruwa. Wanda ake rugawa asibiti, ko takalmi ba a tsaya nema ba, shi ne jijjiga, barcin da aka kasa tayar da yaro, kasa shan ruwa, amai ba tsayawa, numfashi sama-sama, ko kumburin leɓe da harshe. Ki kuma sani, cizon da ke kawo zazzaɓi sau da yawa ko tabo ba ya bari, kuma sai bayan mako guda ko fiye cutar ke bayyana. Saboda haka ki rage ƙirga tabo, ki riƙa kallon yarinyar kanta.

In kun dawo, ki saki fursunarki. Hayaƙi a rufaffen ɗaki zai iya zama shi ne silar tarin nan. A sa wa tagar raga, a nemi gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a kwantar da ita a tsakiya. Da rana ki sa mata riga mai dogon hannu da wando, ta fita cikin 'yan'uwanta.

Tayoyi kuwa ba sai an yi faɗa ba, kuma ba sai kin tafi gida ba. Kada a je wa Yaya da ƙara, a je masa da aiki. Mijinki ya nemi izininsa ya huda matattun, ya tsane ruwan masu amfanin da tsumma, ya jera su ya rufe da tamfol. Kayan Yaya ne za su ƙara kyau, kuma nasa yaran ma a gidan suke kwana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma wannan duk na gobe ne.

Na yau ɗaya ne. In sun ce Likita ta fara, ki amsa sunan ki ɗauki goyonki. Dariyar mutanen gida za ki iya jure ta, ƙanwata, kin kuwa ga da idonki abin da ba a iya jurewa. Allah ya jiƙan ɗan yayarki, ya ba ku haƙuri. Allah ya ba Aku lafiya, ya dawo miki da surutunta har ki rasa sararin sake rubuto mini dogon saƙo.

Anti