Wai Ka Yi Mini Bulo, Nasiru

Jama'a, don Allah don Annabi, duk wanda wannan ya faɗo masa a waya ya tsaya ya saurare ni yanzu, kada ya wuce. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Rakiya mai koyarwa a firamare ita ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ta sa a inda mutane ke karantawa, ko wani zai kai wa mai shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga ɗana Nasiru, wanda aka sani da Nasiru Mai Bulo a nan Orozo. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan ta same ka lafiya, a tsaye da ƙafafunka. Ka ji na faɗi sunanka. Kai ne ɗan fari, tunda na haife ka bakina bai taɓa kama sunan nan ba, sai dai yaron nan, sai dai wancan. Yau tsoro ya fi kunya ƙarfi.

Ɗazu da hantsi na je Masaka sayen gero. Ina tsugunne ina duba tsaba, sai na ji masu dako suna zance a bayana, wai rami ya rufta da masu haƙar dutse a can dajin da ka tafi. Na tambaye su wane rami, suka ce ba su sani ba. Su wa da wa? Ba su sani ba, su ma ji suka yi a mota. Na bar geron a gaban mai shi, na taho. Ban san yadda na tsallaka titin nan ba.

Ka san tun bayan babbar salla wayarka ba ta shiga. In na danna, sai ta yi ƙit ta yanke, matar nan ta cikin waya ta hau Turancinta. Matarka Saude ma in ta kira ka, haka. Ni na ɗauka dajin ne ba ya da sabis, na yi ta haƙuri. Sai yau da na shigo gida, Malama ta karɓi lambar ta kira da tata wayar. Ta shiga, Nasiru. Na ji kukan wayar da kunnena, ta yi ta yi har ta gaji, ba a ɗauka ba. Malama ta dube ni ta ce, Inna, ba sabis ba ne, bulokin ɗinku ya yi.

Na ce bulo kuma? Bulon da na sani?

Ta ce shi ɗin dai. Wai a Turanci kalma ɗaya ce take aiki biyu. In ka ce bulok, ga shi can a ajiye, abu ne, ana ɗauka ana ɗorawa, wannan suna ke nan. In kuma ka ce ya yi bulok ɗin hanya, ko ya yi bulok ɗin mutum, to ya tare ke nan, ya toshe, wannan aiki ne. Ta ce haka take koya wa yara a aji, suna daban, aiki daban, amma baki ɗaya ke furta su.

Ni kuwa duk Abujan nan wa zai gaya mini bulo? Da shi muka ci, da shi muka sha. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, tun muna sabbin zuwa daga ƙauye, garin nan rabinsa ciyawa, yake buga shi da hannu. Yashi, siminti, ruwa, ya cika mol, ya daddaka, ya kife. Tafin hannunsa har ya daina jin zafin tukunya. Benayen nan na Wuse da muke wucewa a mota, in ya nuna ya ce da guminsa a ciki, ni dariya nake yi, don ko maigadin wurin bai san shi ba.

Kai kuma aikinka ban ruwa. Kana ɗan mitsitsi, bokiti ya fi ka girma, kana bin layi kana yayyafawa safe da yamma. Yakan ce maka, ka ba shi ya ƙoshi, in ka yi masa rowa a hannun magini zai fashe.

Ka tuna wasan da kake mini? In na kawo muku tuwon rana, sai ka ɓoye bayan bulon da aka jera, ka sa ido a ramin, kana leƙena. Ni ina ganin ƙwayar idon sarai, amma sai na yi ta juye-juye ina cewa ina yaron nan ya shiga. Dariyarka ce ke tona ka kullum.

Ka ga duk tsawon zaman nan ban taɓa kallon bulo a matsayin abin tarewa ba. Ni ɗaki nake gani. Sai yau da Malama ta yi bayani na zauna na duba bangon ɗakina, na ga ashe gaskiyar Bature ce. Abin da ya rufa maka asiri a ciki, shi ne ya bar wani a waje. Ya danganta da gefen da kake tsaye. Yau ni ce a waje.

Da farko abin ya soke ni, ba zan ɓoye maka ba. Uwa guda, a sa mata bango a waya. Amma na san ranar da ka tafi. Tunda ogan ku ya kawo inji ya sallami masu bugun hannu, ka daina cin abinci a tsakar gida, sai a ɗaki. Da ka ɗauki jakarka ka ce, Inna, ba zan dawo hannu biyu ba. Da ka isa can ina kiranka kowace asuba, har ran da ka ce, Inna, in na ji muryarki ƙafata sanyi take yi, sai in kasa shiga ramin. Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Yanzu na gane.

To ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan da gaggawa. Bayan la'asar na ce Malama ta sake gwadawa. Ta danna. Ƙit, ta yanke, irin tawa sak. Malama ta ce, Inna, ni ma an yi mini.

Nasiru, saura kaɗan na yi guɗa. Saude tana kallona kamar na zare. Na ce mata ke ba ki ji karatun ba? Bulo na ƙasa yana iya kwana shekara a inda aka ajiye shi, ko mai shi ya mutu yana nan. Amma wannan na wayar aiki ne, ba ya yin kansa, sai da mai yi. Da azahar hanya a buɗe take, da la'asar an toshe. Ashe akwai yatsan da ya motsa yau. Wanda ƙasa ta danne ba ya danna waya.

Ban taɓa zaton zan gode wa Allah don ɗana ya ƙi jin muryata ba. Yau na gode.

Sai dai Malama mace ce mai gaskiya, ba ta bar ni na yi nisa ba. Ta ce kalmar ta nuna an yi, amma ba ta faɗi wanda ya yi ba. Waya tana iya zama a hannun wani. Wanda ya tsinta, ko wanda aka bar wa ajiya kafin a shiga rami, kira ya dame shi ya toshe. Tun da ta faɗi haka na rasa wanne zan riƙe. Ina kallon yatsun hannuna ina cewa, ya Allah, ka sa wanda ya danna ya zama mai tabon nan a babban yatsa, inda shebur ya taɓa yanka.

Don haka ba cewa na yi ka cire ba. In bangon nan shi ke ba ka ƙarfin zuciya, bar shi. Amma kai ɗan mai bulo ne, ka san ba a buga shi a toshe, ana bar masa rami. Ka bar mini rami ɗaya. Ba sai ka yi magana ba. Ka kira wayar Malama sau ɗaya, ka yi gyaran muryar nan irin ta babanka, ka kashe. Zan gane. Ko hannu biyu ne ka dawo da su, su nake so, ba abin da ke cikinsu ba.

Allah ya tsare ka a sama da ƙasa. Allah ya riƙe bakin kowane rami har ka fito. Waɗanda abin ya rutsa da su, ko 'ya'yan waye, Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Na yafe maka duniya da lahira, toshewar nan ma na yafe. Amin.

Ni ce mahaifiyarka, Inna Ladi mai koko, bayan masallacin unguwarmu a Orozo.

Malama, kada ki rufe tukuna, ƙara wannan. Duk wanda ya gan shi da idonsa yana tafiya, kada ya neme ni, ya fara gaya wa Saude, ga cikinta ya tsufa, tun safe ko ruwa ba ta haɗiya ba. In kuma ɗayan labarin ne, kada a kira wayar kowa a gidan nan. A je wurin Liman Malam Idi, shi za a fara gaya wa. Ya zo da ƙafarsa, ya same ni a zaune.