Taɓon da Na Watsa wa Baba Illa

Zuwa ga Zalika, sanyin idona, ruwan farkon damina bisa ƙasar da ta sha rana, wadda murmushinta ya fi mini gero sabon yanka. Gaisuwa mai yawa daga wanda barci da abinci sunka ƙaurace ma.

Yau kwana tara ke nan wayarki a rufe. Kwana tara, Zalika! Na kira har yatsana ya san lambarki fiye da kaina. Shi ya sa na koma ga takarda, na ba ƙawarki Cima ta kawo miki hannu da hannu.

Kin tuna ranar da kika ba ni ɗan allon karatun nan mai aiki da sharji, a inuwar iccen bedi na lekol, makarantar bokonku, a Madawa? Kin ce mai allurar dabbobi irina, da ke yini bisa moto mai ƙafa biyu tsakanin Buza da Keita, bai kamata shi zauna bakin rijiya shina jiran makiyaya hannu sake ba. Kin zuba mini littattafai ciki, kin nuna mini yadda ake ƙara girman baƙi, kina yi mini dariya don ina dangwala shi kamar mai tsoron wuta. Wallahi na so allon nan. Rana ba ta kashe rubutunshi, sharjinshi na kai mako uku, kuma duk shafin da na buɗa muryarki nake ji. Cikin littattafan akwai na hanyoyi, mai taswira da sunan kowane ƙauye da kowace ƙorama. Shi ne ya hure mini kunne, har na daina tsayawa tambayar mutane hanya. Ni Tanimu, wai na fi ƙarfin tambaya!

Ga abin da ya faru, ki ji shi daga bakina. Ranar da anka sa mini in zo gaida iyayenki a Allakaye, na ɗaure goro a bayan moto, na sa allon cikin leda bisa tanki. Littafin ya nuna wata gajerar hanya ta cikin ƙorama. Da na kai mararraba sai ga wani dattijo da farar riga tsaye bakin hanya shina ɗaga mini hannu. Na zaci ɗauka yake so. Ko ɗan goye ya san in an ga dattijo a hanyar ƙauye ana kashe moto a sauka a gaishe shi. Ni ko birki ban taka ba. Na faɗa cikin wani ɗan kududdufi, taɓo ya yi sama, na wuce ban waiwaya ba.

Wanda ya rubuta littafin nan da rani ya bi hanyar. Ni na iske ƙorama cike tana ambaliya, kuma don taurin kai na shiga. Moto ya mutu a tsakiya, goro ya jiƙe, da ƙyar wasu manoma sunka jawo mu. Sai bayan la'asar na iso gidanku, ana jirana tun hantsi.

Kaico! Ina shiga zaure, wa zan gani a tsakiyar tabarma? Dattijon nan. Baba Illa, ƙanen mahaifinki, wanda aurenki ke hannunshi. Ashe tun safe ya taka ƙafa har mararraba don shi hana ni bin ƙorama. Bai canza rigar ba, Zalika. Ya zauna da ita yini guda, taɓona ya bushe a ƙirjinshi, kowa na gani. Ya amsa gaisuwata da kyau, bai ɗaga murya ba. Washegari anka maido mana goron har gidanmu.

Ina ma ƙoramar ta tahi da ni! Da mi zan wanke wanga abu? Ba na ganin laifin allo, ba na ganin laifinki. Kin ba ni shi don in ƙaru, ni na mai da shi abin raina mutane. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi ta, don ban san ko an karɓe wayarki ba ne ko ke kika kashe ta.

Jumma'a mai zuwa zan zo tare da yayan mahaifina, in durƙusa gaban Baba Illa in bai kore ni ba. In ya kore ni, in dawo wata Jumma'ar, in sake dawowa, har gero shi nuna a girbe shi. Wannan ina iyawa. Fushin dattijo ina iya ɗauka bisa kaina shekara guda.

Abin da ba ni iyawa shi ne tunanin kina bayan labule ran nan, kin ga rigar, kin ji kunyar an ce ni ne zaɓinki. In haka ne, ya hasken raina, kada ki ɓoye mini don tausayi. Ki gaya wa Cima kalma guda, ba zan ƙara taka ƙofar gidanku in ƙara miki nauyi ba. Amma kada ki ce in daina sonki, don wannan ko ke ba ki da ikon sa ni.

Naki a yau, naki ko an hana ni ke, har ranar da za a rufe ni da ƙasar Adar,

Tanimu