An Karɓe Makullin Ɗakin Magani

Kurfi

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ya kasuwar goro, ya ciwon ƙafar nan taka? Mu nan da sauƙi.

Yaya, an dakatar da ni daga aiki, an karɓe makullin ɗakin magani. Likitan da ke zuwa duba mu sau ɗaya a wata shi ya koya mini tsaga maruru, ya ce in riƙa yi idan ba ya nan. Da baki ya faɗa, ni kuma ban ga dacewar in ce wa babba ya rubuta ba. Da kaka aka kawo wata mata mai maruru daga Ɗantutture a kan jaki, na tsaga mata, bayan kwana uku ta rasu.

Da aka kira mu bincike, ƙungiyar likitoci ta turo wa likitan lauya. Ni ma na rubuta musu. Suka amsa cikin ladabi cewa sai mai rajistar likita suke tsaya wa, ni kuwa malamin asibiti ne. Lauyan ya tambaye ni, "Malam Isiyaku, ina takardar izini?" Likita na zaune bai ɗago kai ba.

Ban sa rai za a mayar da ni ba. Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da Kawu Sale. Jiya ma mijin matar ya kawo ɗansa mai zazzaɓi har ƙofar gidana, na ce ya wuce asibitin Dutsin-Ma, ko allura ba a bar mini ba.

Ƙanenka,
Isiyaku