Allurar Korona da Aikin 'Yar Farina

Zuwa ga Yaya Ramalan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali a Kaduna. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Mu nan Saji lafiya lau, sai Inna da ƙafar ta matsa mata. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun 'yar yaƙi da jahilci ne, kuma ban so wani ya rubuta mini wannan ba.

Yaya, maganar yarinyar nan ce, ta farina. Ka san girki take yi a wata makarantar kuɗi a Rano, kuma da shi suke ci tun da albasar mijinta ta ruɓe. To mai makarantar ya ce duk wanda bai kawo katin allurar korona ba kafin ƙarshen wata, ya zauna a gida. Ita kuwa ciki gare ta, ƙarami. Biyu sun zube mata a baya, duka bayan an yi ta yi mata barka, shi ya sa ta yi rantsuwa wannan ba mai ji sai ya fito da kansa, saboda baki. Ni ma a ido na gane. An ce masu ciki ma suna yin allurar, amma tana son ta ji daga bakin malamar asibiti, malamar kuwa ƙanwar surukarta ce. Da mai makarantar ya tambaye ta dalili sai ta sunkuyar da kai. Ya ce taurin kai ne irin na mutanen ƙauye.

Kai da kake aiki da lauyoyi, ka tambayar mini: doka ta ba shi ikon korarta? Za a iya ɗaga mata ƙafa ba tare da ta faɗi dalili ba? Ta rame, ba ta cin abinci. Ina tsoron tana tsaron aikin, damuwa ta ɗauke cikin.

Na san lauya zai nemi cikakken suna. Tun da na haife ta bai taɓa fita daga bakina ba, ka san kunyar ɗan fari. Na daɗe riƙe da biro kafin na iya. Lubabatu Mato. Ga shi nan, ka taimake ta.

Ka gaishe da Hajiya Jumai da su Adnan da Hidaya.

Ƙanwarka,
Fanta