Ziyarar Gidan Inna Kande

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau na kai ɗalibaina masu koyon aikin jin daɗin jama'a Darmanawa, gidan Inna Kande, wadda ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki huɗu. Fa'iza ta fi kowa ƙoƙari a aji, amma ko zama ba ta yi ba ta zaro takarda.

"Inna, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

Tsohuwar ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan." Duk tambayar da ta biyo baya, amsar ke nan.

A cikin adaidaita Fa'iza ta tambaye ni laifinta, idonta cike da ƙwalla. Na ce ba mu yi ta'aziyya ba, ba mu sha ruwan gidan ba.

Tun ɗazu marigayiya Malama Asabe nake tunawa, wadda ta koya mini aikin nan. Takan yi awa guda tana taya mace tsintar shinkafa, har matar ta fara magana da kanta. Da tana raye, da ita za ta raka Fa'iza jibi, in za ta koma gidan Inna Kande. Allah ya jiƙanki, Malama. Har yau ban iya kamar ke ba.