Tagar Ɗakin Babanki

Tuzla, 9 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Nermina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Senad da yara. Mu nan mun gode Allah.

Injin tace iskar da kika aiko ya iso, yana cikin kwalinsa. Ki daina koya mini riƙon gida daga Graz. Shekara arba'in ina buɗe tagogi kowace safiya in shanya barguna, ko ƙanƙara na zuba, yadda uwata ta koya mini. Macen da ba ta yin haka ƙazama ce. Hayaƙin kwal ɗin da kike tsoro, cikinsa na raine ki.

Mantuwar babanki tsufa ce da taurin kai. Jiya ya zuba gishiri a kofi, wai ni na sauya gwangwani don in haukata shi. Ba zan yarda ki ɗauke shi ba. Mutumin kirki ba ya barin gidansa saboda iska.

Mahaifiyarki,
Mirsada

Tuzla, 14 ga Agusta

'Yata Nermina,

Ina gaishe ku, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Ban taɓa ganin zafi irin na bana ba. Kwana goma sha biyu babanki bai yi barcin kirki ba. Ranar Laraba maƙwabciyarmu Shevala ta tsince shi a ƙofar tsohon wurin aikinsa, sanye da rigar sanyi, wai yana jiran a busa ƙahon shiga aiki.

Na kai shi asibiti. Likitar ta ce ba za ta rantse ba, amma ƙurar hayaƙi kan bi jini ta kai ƙwaƙwalwa, zafi kuma yana ƙara rikita irinsu. Ta tambayi lokacin da nake buɗe taga. Na amsa da alfahari cewa kowace safiya. Ta ce a lokacin sanyi, da safen ne hayaƙi ya fi kwanciya a kwarinmu. Ni na sa gadonsa ƙarƙashin tagar, Nermina, don ya sha iska.

Ki zo ki tafi da shi, ki kuma yi sauri, yana sane da sunanki tukuna. Nawa ya riga ya ɓace masa. Baiwar Allah yake ce mini, in na kawo abinci ya miƙe ya gode mini, kamar baƙon da ke tsoron ya daɗe a gidan mutane.

Mahaifiyarki,
Mirsada