Sunan 'Yar Fari a Bakin Fili

Tottenham, Landan
Laraba

Zuwa ga Hajiyata Rukayatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai tun tafiyarki Kano tuwona kullum da gudaji.

Akwai abin da ke damuna. Yarinyar nan ta samu kulob ɗin ƙwallo a Portugal, kuma ta ce in ta tafi ba ta ga abin da zai dawo da ita ba. Na ji tana faɗa wa ƙanwarta da Turanci wai ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zuwa kallon wasanta ba. Hajiya, 'yar fari ce fa! Kunya ce, ke kin sani. Babana har ya rasu bai ambaci sunana ba. Amma wa zai fahimtar da haihuwar Landan?

Jiya kocinsu Abilio ya tare ni a tashar bas. Dattijo ne ɗan Portugal, yana ɗingishi. Shekara goma sha shida ya yi yana tsaron baya a ƙananan kulob na ƙasarsu, ko kofi ɗaya bai ɗaga ba, ƙwallo bakwai kacal ya ci, har gwiwa ta zaunar da shi. Ya ce mahaifinsa masunci ne, kuma duk wasa sai ya waiga bayan raga yana nemansa, bai taɓa ganinsa ba. Ashe tsohon yana zuwa, ya tsaya waje jikin katanga yana sauraron ihun 'yan kallo. Abilio bai ji wannan labarin ba sai ranar da aka binne shi, kuma ya ce sanin bai amfane shi da komai ba.

Ran Lahadi ne wasanta na ƙarshe a nan. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Naki har kullum,
Mutawakil

Litinin

Hajiyata,

Sallama da fatan kin tashi lafiya, da mai jiki.

Na je. Na raɓe can baya da hulata kamar mai jiran bas. Ana saura minti goma, ƙwallo na ƙafarta, bakina ya suɓuce na ƙwala mata kira da sunanta, har sau biyu. Ta tsaya cak ta waigo. Nan take aka ƙwace ƙwallon aka zura musu. Sun sha kashi ɗaya da nema, kuma ni ne sanadi. Na zaci Abilio zai yi faɗa, sai na ga ya cire hularsa yana goge ido.

A bas ta juya tana kallon taga, ni kuwa kunya ta rufe ni. Tafiyar tana nan ran Juma'a, kuma raina ba daɗi. Amma da safen nan ta miƙo mini wayarta, ashe ta yi booking na tikitin dawowa hutun Sallah.

Don Allah kada ki faɗa wa Inna abin da na yi, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Zaratu tana gaishe ki. Kin gani, har na rubuta sunan nata.

Mijinki,
Mutawakil